Ɗan wasa mai yawan jinya a ƙungiyar besbol: tambayoyi da amsoshi

Bayanin da ke nan ya shafi gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 30. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan ana fili. A irin wannan jadawali babu ƙungiyar da ke gama kaka da mutanen da ta fara da su. Kuɗi ba shi ne abin da ya fi ƙaranci a hannun babban manaja ba. Gurbi ne: wa za a ajiye a rajista, wa za a saukar, wa za a rabu da shi don wani ya samu wuri.

Wane ne ake kira mai yawan jinya?

Likitocin ƙungiya ba sa zuba kowane rauni a kwando ɗaya. Akwai na tsautsayi, kamar ƙwallo ta bugi mutum a wuyan hannu ƙashi ya tsage, ko ya yi karo da katangar bayan fili. Wannan idan ya warke ya warke, kuma ba ya nuna abin da zai faru baɗi. Akwai na tsoka mai dawowa, musamman tsokar bayan cinya, sha-raɓa da tsokar kwiɓi. Wanda ya taɓa yaga tsokar cinya ya fi kowa haɗarin sake yaga ta, galibi a makonnin farko bayan dawowarsa. Sai na uku, lalacewar gaɓa ita kanta: jijiyar gwiwar hannu, kafaɗa, ƙashin baya, guringuntsin gwiwa. Kashi na biyu da na uku su ake tsoro idan za a sa hannu a kwantiragi.

Byron Buxton na Minnesota Twins shi ake yawan kawowa misali. Ya buga wasa 140 a 2017, daga nan bai sake kaiwa 100 ba sai a 2024. Amma duk ranar da yake tsaye a tsakiyar bayan fili, kaɗan ne ke kama ƙafarsa. Ƙungiyar da ke da irinsa ba ta yin lissafi da wasa 162. Tana ɗauka cewa za ta same shi a wajen wasa 100, sannan ta tanadi wanda zai riƙe sauran tun kafin a fara kaka.

'Yan wasa nawa ƙungiya ke iya riƙewa?

Rajista biyu ce. Ƙaramar ta mutum 26 ce, su ne ke da damar shiga wasan yau, kuma masu jifa a cikinsu, wato masu wurga wa mai bugu ƙwallo, ba za su wuce 13 ba. Babbar ta mutum 40 ce, ta ƙunshi waɗannan 26 da wasu da ke ƙananan lig, wato gasannin ƙasa da MLB inda ake rainon 'yan wasa, suna jiran kira. Ba a sa mutum a ƙaramar sai yana cikin babbar.

A duba lissafin da kyau. An cire masu jifa 13, saura 13. Tara suna cikin layin bugu, saura huɗu a benci. Ɗaya daga cikin huɗun mai cafka ne (mai tsugunawa bayan mai bugu yana kama jifa) na ko-ta-kwana, wanda koci ba ya son taɓawa sai dole. Ashe mutum uku kawai yake juyawa da su. Idan ɗan wasa ɗaya yana fama da ƙafa, ba ya iya wasa kuma ba a kai shi jerin jinya ba, sun koma biyu.

Jerin masu jinya iri nawa ne?

Huɗu. Na kwana 10 ga 'yan wasan fili, na kwana 15 ga masu jifa, na kwana 7 ga wanda ya bugu a kai har ƙwaƙwalwa ta girgiza, da na kwana 60 ga babban rauni. Kwanakin nan mafi ƙaranci ne, ana iya wucewa. Ukun farko suna buɗe gurbi a rajistar 26 kawai, mutum yana nan daram a ta 40. Na kwana 60 ne kaɗai ke fitar da shi daga ta 40 na ɗan lokaci, kuma ba a amfani da shi sai rajistar ta cika. Idan aka mayar da ɗan wasa daga jerin kwana 10 zuwa na 60, ba a sake ƙirga daga farko, kwanakin da ya riga ya yi suna ciki.

An tsawaita na masu jifa zuwa kwana 15 ne saboda ƙungiyoyi sun mayar da na kwana 10 wurin hutu. Mai buɗe jifa, wato wanda ke fara jifa a wasa, sau ɗaya yake fita a kwana biyar, don haka da 'yar dabara sai ya rasa fita ɗaya kacal, ƙungiya kuma ta samu sabon hannu na kwana goma.

Albashi ba ya tsayawa a kowane jeri, haka ma kwanakin aiki da ake ƙirga wa ɗan wasa. Kwana 172 ne shekarar aiki ɗaya, kuma da shekara shida yake samun 'yancin zuwa duk ƙungiyar da ya so. Wanda ya shekara yana jinya ya ci shekara guda daga cikin shidan ba tare da ƙungiya ta more shi ba.

Ɗan wasa ya ji rauni a wasan dare. Me ke biyo baya?

A ce yana gudu zuwa tasha ta farko, inda mai bugu ke fara nufa bayan ya bugi ƙwallo, sai ya dafe bayan cinya, ya ƙarasa da ɗingishi. Mai kula da lafiyar 'yan wasa zai fito, ya tambaye shi ko ya ji wani abu ya tsinke ko kuwa ɗaurewa kawai ya ji. A ɗakin jinya za a kwantar da shi rub da ciki, a danna wurin a gano inda zafin yake, a sa ya lanƙwasa gwiwa ana tokare masa ƙafa don a gwada ƙarfinta da na ɗayar. Da safe hoton MRI. Mataki na ɗaya 'yar yagewa ce, na biyu yagewar wani sashe, na uku tsinkewa gaba ɗaya, wanda wani lokaci sai an yi tiyata.

Kafin hoton ya fito, ofis ya riga ya buga waya ga ƙungiyarsa ta babban matakin ƙananan lig a ce wane ya haɗa jakarsa. Shawarar da ke da wuya ita ce ta rauni mai sauƙi. Doka ta yarda a mayar da ranar shiga jerin jinya baya da kwana uku, muddin bai buga wasa a kwanakin ba. Saboda haka ƙungiya na iya jira kwana uku ba ta yi asarar komai ba sai ƙarancin benci. Daga kwana na huɗu kowace ranar jira asara ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi ta bakin ɗan wasa, wanda kullum zai ce gobe zai warware. A jira kwana shida, a sa shi ya buga sau ɗaya, tsokar ta sake amsawa, ƙirga ta koma sabuwa. Abin da kwana 10 zai gyara ya zama wata guda.

Tunda jerin kwana 60 na buɗe gurbi, me ya sa ake cewa bashi ne?

Domin babu shi a lokacin hutun kaka. Cikin kwana biyar bayan kammala World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, dole kowa ya dawo rajistar 40, ko da an san ba zai yi jifa ba sai tsakiyar baɗi. Ƙungiyar da ke da mutum bakwai a wannan jeri, da 40 cif a rajista, sai ta nemi yadda za ta rage bakwai. Waɗanda kwantiraginsu ya ƙare za su rage wasu, sauran kuwa sai an sallami mutane.

A watan Nuwamba ɗin nan kuma ake shigar da matasan da ake son karewa daga zaɓen doka ta biyar, wanda ake yi a Disamba. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole a sa shi a rajistar 40, wanda aka ɗauka yana 19 ko sama kuma bayan kaka huɗu. In ba a yi ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a kan dala 100,000. To ga majinyacin da ba zai yi wasa ba har Yuli, ga yaron da aka yi shekara huɗu ana raino, gurbi ɗaya. Nan ne ainihin tsadar mai yawan jinya take fitowa, kuma ba a ganinta a takardar albashi.

Me ya sa wani lokaci ake saukar da wanda ya fi ƙoƙari idan majinyaci ya dawo?

Saboda damar saukarwa. Ɗan wasan da ke rajistar 40 yana da shekara uku da za a iya tura shi ƙananan lig ba tare da an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi ba. Tun 2022 ba a saukar da mutum fiye da sau biyar a kaka ɗaya. Wanda aka saukar sai ya yi kwana 10 a can, mai jifa kuma 15, kafin a sake kiransa, sai dai in zai maye gurbin wanda ya shiga jerin jinya. Mai shekara biyar na aiki ba a saukar da shi sai da yardarsa.

Wanda shekarunsa uku suka ƙare, ba yadda za a yi da shi sai a cire shi daga rajista. Daga nan ƙungiya na da kwana bakwai ta yi musayarsa, ko ta tallata shi, ko ta sallame shi. In wata ƙungiya ta miƙa hannu, ya tafi ke nan. Don haka idan tauraro ya dawo, aka duba benci aka ga saurayi mai ƙoƙari da ke da sauran damar saukarwa, da wani tsohon hannu da ba shi da ita, saurayin ne zai hau mota. Magoya baya za su yi ta surutu, amma ofis na tunanin cewa tauraron nan zai iya sake kwanciya nan da mako uku, kuma a ranar ana buƙatar su biyun. Ƙungiyar da ta san tana da masu yawan jinya takan cika bencinta da masu jifan ɗaukinta, masu karɓar mai buɗe jifa a tsakiyar wasa, da irin waɗannan da ake iya hawa da sauka da su.

Ana iya tura wanda ya ji rauni ƙananan lig, ko a ƙirƙiro wa lafiyayye rauni?

Duka biyun haramun ne. Wanda ya ji rauni yana babbar ƙungiya dole ya shiga jerin jinyarta, ya ci gaba da karɓar cikakken albashi da kwanakin aiki. In aka saukar da shi da rauni a jiki, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa na iya shigar da ƙara. Yana kuma da haƙƙin neman ra'ayin wani likita daban.

Raunin ƙarya kuwa tsohuwar dabara ce ta ɓoye wanda ba ya ƙoƙari kuma ba a son rasa shi. A Fabrairun 2024 hukumar MLB ta dakatar da Billy Eppler, tsohon babban manajan New York Mets, har ƙarshen World Series na shekarar, bisa yin amfani da jerin jinya ba bisa ƙa'ida ba, har da ƙirƙirar raunuka.

Mece ce tiyatar Tommy John?

A gefen ciki na gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe gaɓar a lokacin da hannu ya koma baya zai wurga ƙwallo. Jifa mai ƙarfi sau dubbai yana cin ta a hankali har ta yage. A 1974 likita Frank Jobe ya ɗebo jijiya daga ɗaya hannun Tommy John, mai jifan Los Angeles Dodgers, ya huda ƙasusuwan gwiwar ya zura ta a madadin wadda ta lalace. John ya dawo a 1976, ya ci gaba da jifa har 1989.

Mai jifa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18. Watannin farko na dawo da motsin gaɓa ne da ƙarfafa kafaɗa da damtse. Sai jifa a hankali a shimfiɗaɗɗen fili, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, sai hawa tudun jifa, sai fuskantar masu bugu a atisaye. Ƙarfin jifa yakan riga saiti dawowa, shi ya sa watannin farko bayan dawowa ba su cika kyau ba. Akwai sabuwar hanya da ake ɗinke jijiyar a ƙarfafa ta da wani zare mai ƙwari, tana rage lokacin jinya, amma sai in naman jijiyar bai lalace sosai ba.

Ɗan wasan fili ba ya daɗewa haka. An yi wa Bryce Harper na Philadelphia Phillies tiyatar a Nuwamban 2022, ya dawo bugu a farkon Mayun 2023.

A Disamban 2024 MLB ta fitar da rahoto da ya ɗora yawancin laifin ƙaruwar raunin masu jifa a kan neman gudun ƙwallo da murɗa ta da iyakar ƙarfi a kowane jifa. Ƙungiyar 'yan wasa kuma ta sha nuna yatsa ga agogon jifa da aka kawo a 2023, mai ƙayyade lokaci tsakanin jifa da jifa.

Rage wa mai jifa aiki yana kare shi?

Yana rage haɗari, ba ya kawar da shi. Abin da aka saba shi ne masu buɗe jifa biyar, kowa da hutun kwana huɗu, a cire mutum idan ya doshi jifa 100. Ga mai tarihin rauni ana ƙara ranar hutu, ko a koma juyin mutum shida kamar yadda Los Angeles Angels suka yi saboda Shohei Ohtani, mai haɗa jifa da bugu. Amma na shidan daga cikin 13 ɗin nan zai fito, masu jifan ɗauki su koma bakwai, nauyi ya hau kansu. Abin da ake sa wa ido a tsakiyar wasa shi ne gudun ƙwallo ya ragu ba dalili, ko gwiwar hannu ta fara sauka ƙasa da inda ya saba saki, ko ya riƙa yarfa hannu bayan jifa.

Muhawarar da har yau ba a gama ba ita ce ta Stephen Strasburg. An yi masa tiyatar Tommy John a 2010. A Satumban 2012 Washington Nationals suka dakatar da shi daga jifa bayan zango 159 da ɗoriya (wasa ɗaya zango tara ne), alhali suna kan gaba a rukuninsu, aka kuma fitar da su a zagayen farko na wasannin neman kofi ba tare da ya yi jifa ko ɗaya ba. A 2019 shi ne gwarzon World Series da suka lashe. Masu goyon bayan matakin suna kafa hujja da 2019, masu suka suna cewa kofin 2012 aka zubar.

Canza wa ɗan wasa wuri a fili fa?

Yana aiki idan an san abin da ke jawo raunin. Harper ya bar bayan fili ya koma tasha ta farko, inda jifa mai nisa ba shi da yawa. Mike Trout, wanda ya buga wasa 36 a 2021 saboda sha-raɓa da 29 a 2024 saboda gwiwa, an matsar da shi daga tsakiya zuwa gefen dama a 2025 don rage masa gudu.

Gurbin mai bugu zalla, wanda ba ya tsaron fili, shi ne mafakar da aka fi gudu zuwa, kuma tun 2022 kowace ƙungiya na da shi. Sai dai ɗaya ne tak. Idan aka ba mutum ɗaya shi na dindindin, sauran sun rasa inda za su ɗan huta ba tare da fita daga layin bugu ba. Twins sun gwada haka da Buxton a 2023, suka ɗauko Michael A. Taylor ya riƙe tsakiya. Buxton bai tsaya a fili ko sau ɗaya ba, duk da haka wasa 85 ya buga, gwiwar ba ta bar shi ba, kuma an yi asarar tsaronsa wanda shi ne rabin darajarsa.

Yaya ake rubuta kwantiragi da irin wannan ɗan wasa?

Kwantiragin MLB tabbatacce ne, ko mutum ya yi wasa ko bai yi ba za a biya shi. Shi ya sa gwajin lafiya kafin sa hannu ba al'ada ba ce kawai. A Disamban 2022 Carlos Correa ya daidaita da San Francisco Giants a kan shekara 13 da dala miliyan 350, likitoci suka duba ƙafarsa ta dama da ya karya kusa da idon sawu a 2014, magana ta watse. Mets suka zo da shekara 12 da miliyan 315, ita ma ta watse a kan ƙafar. Ya ƙare a Twins da shekara shida da miliyan 200, da wasu shekarun da za su tabbata in ya cika adadin fitowa bugu. Abin lura, ƙafar ba ta hana shi wasa ba a shekarun da suka gabata. Su likitocin, shekara ta goma suke hange, ba ta farko ba.

Hanyoyin raba haɗari sanannu ne. Kwantiragin Buxton na shekara bakwai ne da miliyan 100, da ƙarin kuɗi in ya kai wasu adadin fitowa bugu ko ya yi sama a zaɓen gwarzon shekara. John Lackey ya sa hannu da Boston Red Sox a 2009 da sharaɗin cewa in tsohon ciwon gwiwar hannunsa ya kwantar da shi, ƙungiya na da ƙarin shekara a kan mafi ƙarancin albashi. Ya rasa kakar 2012 gaba ɗaya, ya kuma yi jifa a 2015 a kan kusan dala 500,000. Milwaukee Brewers sun saki Brandon Woodruff a Nuwamban 2023 bayan tiyatar kafaɗa, sannan suka dawo da shi da kwantiragin shekara biyu, ta farko ta jinya ce, ta biyun ake saye.

Inshora ma tana nan, amma da tsada, kuma kamfanoni kan cire gaɓar da aka san tana da matsala. An ruwaito cewa Mets sun riƙa karɓar kashi 75 cikin 100 na albashin David Wright bayan ya wuce kwana 60 yana jinyar baya. Kwantiragin Strasburg kuwa, na shekara bakwai da miliyan 245 a Disamban 2019, rahotanni sun ce babu inshora a kansa. Sau takwas ya fita jifa a ƙarƙashinsa kafin ya yi ritaya a 2024.

Kafin ya dawo, ina ake gwada shi?

A ƙananan lig. Ɗan wasan fili na iya yin har kwana 20 a can, mai jifa 30. Mai buɗe jifa yakan fara da zango biyu ko uku, a riƙa ƙara masa jifa wajen 15 a kowace fita har ya kai 75 zuwa 80. Mai ciwon cinya ba bugunsa ake kallo ba. Ana so a ga ya ruga daga tasha ta farko zuwa ta uku da iyakar gudunsa, ya buga zango tara kwana biyu a jere, ya kuma tashi da safe ba tare da ƙorafi ba.

A ƙarshen kaka dokokin suna canzawa?

Daga 1 ga Satumba rajistar 26 tana zama 28, masu jifa har 14. Wanda ake so ya buga wasannin neman kofi dole ya kasance a hannun ƙungiyar kafin wa'adin da ke cika a wajen 1 ga Satumba. Ana sabunta jerin 26 kafin kowane zagaye. Idan aka cire mutum a tsakiyar zagaye saboda rauni, ya rasa sauran wasannin zagayen da kuma zagaye na gaba baki ɗaya, don haka wanda aka cire a zagayen kusa da na ƙarshe ba zai taka fili a World Series ba ko da ya warke bayan kwana uku.